Kofi na Arba'in da Ɗaya

Talata, 2 ga Mayu

Littafin Vitumbiko ya iso daga birnin Joni, can ƙasar waje inda yake zaune. Direban motar Mzuzu ne ya miƙo mini shi ta taga, naɗe cikin leda kamar busasshen kifi. A bangon an zana gicciye yana ɗigar da jini cikin kwalbar gwaji, ga wata baturiya tana sheƙa gudu da takalmi mai tsini. A wace hanyar tamu za ta yi gudu da wannan takalmin? Sunan littafin wai Kofi na Arba'in da Ɗaya. Tiren Jibin Ubangiji na cocinmu ramukan kofi arba'in gare shi, shekara ashirin da biyu ina wanke kofunan ina cika su, ban san inda za a ɗora na arba'in da ɗayan ba.

Ban buɗe ba. Amma dai ɗana ne ya rubuta, ga sunan marigayi ubansa da manyan baƙaƙe, Msowoya. Na ɗan shafa da yatsa, na ajiye kan kabad kusa da hoton aurenmu.

Alhamis, 4 ga Mayu

Na je zumuntar matan coci da farar rigata sabuwar guga, na tarar bencina fayau, kowa ta matsa can kamar mai ƙyanda ta shigo. Bayan an tashi NyaLuhanga ta ja ni gindin mangwaro. Ita kaɗai ke iya gaya mini gaskiya, tare muka yi ajin baftisma, shekara ɗaya muka binne mazajenmu.

Ta ce, "NyaHarawa, kin karanta littafin ɗanki?" Na ce ban samu sarari ba. Ta ce, "To, malamin sakandare ya samu sarari. Ya karanta ya ba matarsa labari, ita kuma ta ba kasuwa." Sai ta miƙo mini wayarta. Hoton shafin godiya ne, mako guda yana yawo ni kaɗai ban gani ba. An rubuta: Ga mahaifiyata, wadda ta koya mini duk abin da na sani game da guba, da kuma kofuna.

Na karanta sau uku. A cikin littafin, in ji NyaLuhanga, wata tsohuwa mai cika kofunan Jibin Ubangiji ce take zuba guba a kofi ɗaya don ta kashe wata masaniyar kimiyya. Tsohuwar tana sa farar riga. Tana ɗingishi da ƙafar hagu.

Ni ce mai ɗingishi da ƙafar hagu a garin nan.

Juma'a, 5 ga Mayu

Yanzu na gane kiraye-kirayen wayar bara. Mama, yaya jinin wanda ya sha kaza yake zama? Mama, in an kawo muku gawa me kuke fara dubawa? Shekara talatin da huɗu na yi a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin mishan, babu wanda ya taɓa tambayata komai a gidan nan sai ko nsima, tuwonmu na masara, ta dahu. To da ya fara tambaya sai kaina ya kumbura, na zauna na rubuta masa shafi takwas har da zane. Ya aiko mini babi biyu, duk na ɗakin gwaji, na bi su da jan biro. Ashe rami nake haƙa wa kaina, har da auna zurfinsa.

Asabar, 6 ga Mayu

Na kira Vitumbiko. Wai, "Mama, labari ne fa. Irin wanda mutane ke saya a filin jirgi su karanta su manta." Na ce nan babu filin jirgi, kuma ba a mantawa. Wai girmama ni ya yi a shafin godiya. Na ce Allah ya raba ni da irin wannan girman. Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa. Na kashe wayar yana cikin dariya.

Lahadi, 7 ga Mayu

An sanar da jibi, ranar 4 ga Yuni. Sakatare na rufe baki rabin coci ya juyo ya kalle ni, har da masu goyo.

Talata, 9 ga Mayu

Na kai shafi ɗari da ashirin, biro a hannu, haƙori a cije.

Wai a ƙarƙashin cocin akwai wani ɗakin ɓoye da Turawan mishan suka gina, cike da tsofaffin takardu waɗanda in duniya ta gani addinin Kirista ya rushe kafin azahar. Ƙarƙashin cocinmu gara ce, sai wata fasasshiyar tukunya da aka tarar shekarar da aka sake daɓe. Wai kuma dattawa bakwai sun riƙe wannan asirin shekara ɗari da talatin. Dattawanmu? Waɗanda in suka yi zaman sirri da safe, kafin rana ta take mai tumatir ta san wanda ya yi wa wance ciki? Shekara uku suna gardama kan launin fentin ƙofa, har yau ƙofar ba fenti.

Ita baturiyar kuwa kyakkyawa ce, ba ta yarda akwai Allah ba, saboda haka komai ta sani. Leƙe ɗaya take yi wa madubin likita ta gano abin da ni sai na yi minti arba'in ido yana ruwa. Duk mai addu'a a littafin, in ba wawa ba ne to mai kisa ne. Duk mai ilimi kuma ya daina addu'a tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ranar da kakarsa ta mutu. Faston ciki wai idanunsa kamar na mataccen kifi. Namu Rabaran Mwafulirwa yaro ne mai kumatu, aljihunsa kullum da gyaɗa.

Ni fa a ina zan shiga? Kowace safiya ta Allah, kafin in ɗora gilashin jini ƙarƙashin madubi, sai na ce Ubangiji ka buɗe idona kada ƙwayar cuta ta wuce ni. Sannan in ƙirga. Addu'a ba ta taɓa ƙirga mini ko ɗaya ba, ƙirga kuma ba ta taɓa hana ni addu'a ba. Yaron nan a kan bencin ɗakin ya girma, yana aikin makaranta yana ji. Wa ya gaya masa faɗa suke yi?

Babin ɗakin gwajin dai babu kuskure ko ɗaya. Wannan ni na gyara.

Asabar, 13 ga Mayu

Dattijo Kumwenda ya zo da katunan jibi, shi ke zagaya unguwarmu. Wanda bai miƙa kati a ƙofa ba, ba ya zama a bencin masu ci, doka ce tun ta iyayenmu. Na ga nawa a saman, da sunana.

Na kawo masa thobwa mai sanyi a kofin baƙi, kunun da na jiƙa wa tsiro kwana uku. Na kurɓa tukuna kamar yadda ake yi wa kowane baƙo don hankalinsa ya kwanta, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya ajiye a ƙasa kusa da takalminsa. Har ya tafi ƙuda ne ke sha.

Ya ce, "Mama NyaHarawa, mutane suna magana. Baba Chavula ya ci jibi a watan Maris, kwana tara ya rasu." Na ce Baba Chavula shekararsa casa'in da huɗu, ciwon sukari shekara ashirin, ni nake auna shi. Daɗewarsa ce abin mamaki.

Ya ce, "Ku masu madubi ba kwa rasa amsa. Ni dai na san mai yawan leƙen abin da Allah ya ɓoye wa ido, wata rana zuciyarsa takan bar wurin Allah."

Na ce, "Baba, shekarar da kuka yi wata huɗu kuna tari har kuka koma kamar sanda, wa ya leƙa majinarku ya gano tarin fuka?" Ya ce Allah ne ya warkar da shi. Na ce wa ya ce ba shi ba ne?

Sai ya zaro takarda. Wai in tsaya gaban ikilisiya in karanta cewa na yi tir da ɗana Vitumbiko da aikinsa, na kuma tuba daga ilimin guba. Na ce littafin zan iya yi masa tir tun safe har yamma, shafi bayan shafi, har in nuna muku inda ya kwafsa. Amma ɗana, ni kaɗai ke da ikon zaginsa. Ya mai da takardar aljihu, ya bi ta da katina.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi da littafin bakinsu ɗaya. Kuma ko shafi ɗaya bai karanta ba.

Laraba, 17 ga Mayu

Majalisar dattawa ta zauna kaina awa uku. Ga hukuncin masu hikima. Ni zan cika kofuna ranar 4, don babu wadda ta yarda ta karɓi makullin kabad ɗin kofunan coci daga hannuna, wai kada ya zama an shafa masa wani abu. Amma katina yana nan a riƙe har a ga abin da hali zai yi. Wato in zuba wa mutum ɗari biyu da arba'in, ni kuma kada in sha. Na ce ai shi ke nan kun gama tabbatar musu. Aka ce in yi shiru, ba a ba ni izinin magana ba.

Da can da kofi ɗaya ake yi, babba, da sai in kurɓa a gaban kowa magana ta mutu. Ni ce na yi ta surutu shekarar kwalara har aka sayo ƙananan kofuna. Wannan ma ni na jawo.

Rabaran ya rako ni har bakin hanya. Ya ce in mutane suka sha ranar, zance ya ƙare. In kofuna suka dawo a cike, dole in ajiye makulli, ba yadda zai yi. Sai ya rage murya ya ce ya karanta littafin cikin kwana biyu. "Mama, wurin nan da ta shiga ramin fitilarta ta mutu…" Na kalle shi har ya haɗiye sauran tare da gyaɗarsa.

Alhamis, 18 ga Mayu

Makulli ne kawai, ƙarami, da ɗan zare ja. Haka na yi ta gaya wa kaina yau. Ƙarya nake. Shekarar da Msowoya ya rasu aka ba ni shi, lokacin ko buɗe baki in yi addu'a ba na iyawa. Yammacin Asabar ni kaɗai a ɗakin bayan bagade, ruwan ɗumi da tsumma, kowane kofi in ɗaga shi ga hasken taga kamar gilashin jini, in ambaci sunan wani. A nan addu'ata ta dawo. In aka karɓe shi da sunan ni mai kisa ce, ban san yadda zan ƙara shiga cocin nan ba, kuma ban san wani wurin ba.

Asabar, 20 ga Mayu

Wata mata ta biyo ni daga kasuwa har bayan injin niƙa, tana waige-waige. Wai ta ji ina taimaka wa mata, nata mijin ya ishe ta. Na ce ta zo zumunta ranar Alhamis a yi mata addu'a. Ta ce ba irin wannan taimakon ba. Allah ya kyauta.

Talata, 23 ga Mayu

Wata ambulan daga Joni, mai kauri. Na ƙi ɗaukar wayarsa kwana goma sha bakwai, shi ne ya koma takarda.

Babi ne guda, shafi goma sha tara, wanda babu shi a littafin. Wata tsohuwa a ɗakin gwaji, tana ɗingishi, tana rera waƙar yabo ƙasa-ƙasa tana ƙirga ƙwayoyin zazzaɓi, wani yaro a kan benci yana jin ta. Ita ce ta fara gano gubar tun kafin baturiyar ta sauka daga mota. Ita ce kuma ta wanke gawar ta yi mata addu'a. A rubutunsa na farko, in ji wasiƙar, ita ce gwarzuwar labarin, mai kisan wani ne dabam.

Ya haɗo da takardar da matar kamfanin buga littafin ta rubuta masa. Na kwafe nan don kada wata rana in ce mafarki na yi. Wai masu karatu ba za su yarda da mace mai madubin likita da littafin waƙoƙi a hannu ɗaya ba, ya zaɓa mata guda. In kuma ya bar mata addu'ar, to ya ba ta kwalbar gubar, haka irin waɗannan littattafan ke tafiya.

Ba za su yarda ba! Shekara sittin da uku ina yawo a doron ƙasa, da katin fansho da ciwon gwiwa, ashe ba mai yiwuwa ba ce ni.

Shi kuma ya aiko ne don in ji sanyi. "Mama, kun ga ai na san ko ku wace ce." To wannan ne ya fi zafi. Da bai sani ba da na ce yaro ne, Joni ta cinye masa hankali. Ya sani sarai, aka ce ya miƙa ni, ya miƙa. Na yi kuka a bakin murhu, ba hayaƙi ba ne, ko wutar ban hura ba.

Alhamis, 25 ga Mayu

Ban je zumunta ba. Rabona da fashi tun aikin gwiwa. NyaLuhanga ta zo da yamma ta zage ni tas, ta sha thobwa kofi biyu tun kafin in kurɓa mata, wai in ta mutu in ɗauki injin ɗinkinta.

Lahadi, 28 ga Mayu

Wa'azi a kan shaidar zur. Kowa yana gyaɗa kai yana kallon maƙwabcinsa.

Laraba, 31 ga Mayu

Na gama littafin. A ƙarshe tsohuwar ta faɗo daga hasumiyar ƙararrawa tana ihu da Latin. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce a rataye a reshen mangwaro, in mutum ya faɗo daga can sai dai ya gurɗe. Latin kuwa ko Rabaran bai iya ba, mu ba ma cocin masu Latin ba ne. Kuma ya sa guba ta kashe mutum cikin minti uku, bayan na rubuta masa ƙarara a shafi na biyar na bayanin da na aika masa cewa ba haka take yi ba.

Wake ya ƙone ina babin ƙarshe. Itacen ne ya cika bushewa.

Asabar, 3 ga Yuni

Ina dawowa daga wankin kofuna na tarar da mutum zaune a dakalina da jaka, ƙafafu a kumbure, kwana biyu a mota. Vitumbiko ne, ya yi gemu. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa kamar yadda nake amsa wa mai karanta mitar ruwa. NyaLuhanga ce ta kira shi ta gaya masa komai, har da makulli, wannan bakin nata.

Ya ce, "Mama, ban san zai kai haka ba." Na ce marubuci ai shi ke sanin ƙarshen labari.

Na kawo masa thobwa a kofin baƙi. Na tsaya a gabansa na kurɓa tukuna, sannan na miƙa masa da hannu biyu. Ba a yi wa ɗan gida haka, ya sani, na sani. Ya daɗe yana kallon kofin. Ya ce, "Har ni, Mama?" Na ce ai kai ka fi kowa sanin halina, ka rubuta.

Ya sha. Ni kuwa ban ji daɗin da na zata zan ji ba.

Lahadi, 4 ga Yuni

Bari in rubuta tun da zafinsa, in na bari gobe zan gyara wa kaina labarin.

Na cika kofuna tun da sassafe, tire shida, jan lemon nan da ruwan da na tafasa da kaina. Na rufe da farin ƙyalle, na koma bencin baya inda marasa kati da waɗanda aka sa a horo ke zama. Rabona da wannan bencin tun ina budurwa. Vitumbiko ya zo ya zauna kusa da ni. Shi rabonsa da jibi tun yana ɗan shekara goma sha tara, ranar da ya dawo daga jami'a ya ce mini shi yanzu sai abin da aka gwada.

Gurasa ta wuce lafiya, matar Rabaran ce ke yanka ta. Sai kofuna. Rabaran ya sha a nasa na azurfa, wanda shi yake zuba wa kansa, wannan bai gamsar da kowa ba. Dattawa shida suka ɗauki tire, aka fara daga ɓangaren maza. Benci na farko, kowa ya sunkuyar da kai yana addu'a mai tsawo har tire ya wuce shi. Na biyu haka. Na uku wani ya miƙa hannu, matarsa ta yi tari daga ɓangaren mata, ya mai da hannun ya sosa kunne. Mawaƙa suka kai ƙarshen waƙa suka rasa abin yi. Ina jin ƙarar kofuna suna karo da juna a hannun Dattijo Kumwenda, arba'in cif, ba wanda ya ragu. Na zura hannu a jaka na riƙe makullin, na ce to Ubangiji, ga shi.

Sai na ji benci ya yi sauƙi a gefena. Vitumbiko ya miƙe yana tafiya tsakiyar coci da kumburarrun ƙafafunsa cikin silifas ɗin ubansa. Na ce "Vitu" a hankali, bai juyo ba. Ya tsaya gaban Kumwenda.

Kumwenda ya ce, "Kai ba ka da kati."

Ya ce, "Ba ni da shi, Baba. Ba jibi na zo ci ba. Abin shan nan daga hannun gidanmu ya fito, kuma a garin nan ɗan gida ke fara kurɓawa kafin baƙi. Ku zaɓa mini wanda kuka fi tsoro."

Kumwenda ya kalli Rabaran. Rabaran ya kalli rufi. Can dai Kumwenda ya nuna ɗaya da yatsa, na can kusurwa. Vitu ya ɗaga ya shanye. Ya bi sauran dattawa biyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zaɓa masa, kofi shida. Ni kuwa abin da ke kaina shi ne marar kati yana shan abu mai tsarki kamar mai ɗanɗana miya, a gaban bagade, kuma ɗana ne. Na so ƙasa ta tsage.

Ya dawo tsakiya ya tsaya, hannu a baya. Mutum ɗari uku suna jira su ga ɗana ya faɗi. Sai muryar NyaLuhanga daga ɓangaren mata: "Ɗana, a littafin naka minti nawa ake yi?" Ya ce, "Uku, Mama." Na ga mutane suna duba agogo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji bakina yana cewa, da ƙarfi, daga bencin baya, "Ƙarya ne, na gaya maka ba a minti uku take kamawa ba, sai ta yi awa shida ko fiye!"

Ina rufe baki na gane abin da na yi. Vitu ya dafe goshi. Rabaran ya runtse ido kamar an taka masa yatsa. Na ce shi ke nan, da hannuna na ɗaure kaina.

NyaLuhanga ce ta fara dariya, irin tata mai kama da tarin akuya, har tana riƙe benci. Ta miƙe da sandarta ta ce, "Kun ji ta ko? Matar da ba ta iya barin kuskure ya wuce ko don ta ceci kanta, ita ce za ta ɓoye kisa? Baba Kumwenda, kawo tiren nan, ƙafata ba ta kai ni." Ba layin mata ba ne tukuna, amma ya kai mata. Ta shanye ta ce ruwa ya yi yawa kamar kullum.

Daga nan sai ƙarar kofuna. Ba kowa ba, kada in yi ƙarya. Goma sha tara sun dawo a cike, kuma na san masu su, don na san inda kowa ke zama.

Da aka gama zagaye dattawa ke sha. Ina kallon Kumwenda, ya ɓata fuska, amma ya sha. Maimakon ya mai da tire kan teburi, sai ya taho da shi har bencin baya, yana tafiya kamar mai zuwa cire haƙori. Ya laluba aljihu ya ciro katina, duk ya yamutse, an ma rubuta lambar wayar wani a bayansa. Ya miƙo mini, na karɓa, na miƙa masa kamar yadda doka ta ce, ya karɓa. Sannan ya sauke mini tiren. Na ɗauki kofi ɗaya na sha.

Gaskiyar NyaLuhanga, ruwa ya ɗan yi yawa.

Talata, 6 ga Yuni

Ba wanda ya mutu. An ce wasu sun zauna da agogo har ƙarfe biyar na yamma ranar Lahadi, saboda awa shidan da na faɗa.

Majalisa ta sake zama. Makulli yana hannuna, amma daga yanzu sai dattijo ɗaya ya tsaya a kaina in ina zubawa, wai don kwanciyar hankalin raunana. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Kumwenda suka naɗa. Zai sha tsayuwa, kuma zai riƙe tsumma.

Sai batun Vitu. Suna so su sa shi a horo saboda shan jibi ba kati, Rabaran ya ce ba a yi wa mutum horo sai ɗan ikilisiya ne, shi kuwa an share sunansa tun tuni. Awa biyu suna wannan. An ɗage zuwa wata mai zuwa, tare da batun fenti.

A hanya Vitu ya ce mini, "Mama, kada ku ɗauka wani abu ne ya sauya. Har yanzu ban gaskata ba." Na ce wa ya tambaye ka?

Juma'a, 9 ga Yuni

Ya tafi da motar safe.

Jiya na zauna da babin nan da aka cire, don dai kada takarda ta lalace a banza. Kurakurai goma sha ɗaya. Ya sa tsohuwar tana rina jini da ruwan da ake rina majina, kuma baitin da take rerawa na jana'iza ne, wa ke rera wannan da ƙarfe bakwai na safe? Na gyara, na sa masa a jaka ƙarƙashin busassun ƙananan kifin usipa. Na rubuta a sama cewa in zai sake wani littafin, matar nan ta riƙe madubinta da waƙarta duka biyun, kuma kada ta faɗo daga ko'ina. In matar kamfanin ba ta yarda akwai irinta ba, ga lambata, ta kira.

Ban ce na yafe ba. Littafin banza ne, ko gobe aka tambaye ni haka zan ce. Na mai da shi kan kabad kusa da hoton, don nan ne ƙura ba ta kaiwa.

Kafin mota ta zo na zuba masa thobwa a tsohon kofinsa mai tsagaggen baki, na tura masa ina neman ɗankwalina. Sai da na juyo na ga ya riƙe shi bai sha ba, yana kallona, yana jira. Na ce sha mana, mota za ta bar ka.

Ban kurɓa ba. Mantawa na yi, ina ga.